Daminar da aka kai ni gonar mai tutoriyal

Marka ta zauna mana bana kamar ba ta da niyyar tashi. Rabon da mu ga rana sosai har na manta. Tufa ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa, ƙofar ɗakina ta kumbura sai na sa mata kafaɗa take buɗewa. Babur ɗina yana jingine a zaure, don hanyar Shanono ta zama kunu, ba mai hawa. Ni kuma zama ba ya karɓata. In na zauna wuri ɗaya, kaina ya dinga tono ke nan. Shekaranjiya da ruwa ya ɗan tsagaita na zaga bayan gari, na bi ta gonar wani yaro da ciyawa ta rufe masa gyaɗa ruf. Warin ɗanyar ciyawar harkiya ya bugi hancina. Shekara goma da ɗoriya ke nan, amma abin ya taso min kamar jiya aka yi.

A gidanmu akwai tsari. Gandu na ci ne, kowa zai shiga ya yi wa gida. Gayauna kuma ta boko ce. Baba zai yanka maka ɗan fili, ka shuka abin da ka ga dama, ka nome shi a lokacinka, abin da ya fito shi ne takalminka da yunifom ɗinka da duk abin da makaranta ta nema. Ba ya ba ka, ba ya kuma taɓa naka. A shekarar ina aji biyu na babbar sakandare, saura min shekara ɗaya in fita, kuma da an koma daga dogon hutu za a fara rajistar jarrabawar fita. Don haka na zuba gyaɗa a gayaunata, can gefen kwari inda ƙasa take da yashi-yashi. Gyaɗar nan ita ce rajistata. Kowa a gidan ya san haka, har akuyar Inna.

Yayana Nura yana jami'a a Kano. Shi ne na farko a zuri'armu da ya taka ƙofarta, kuma Baba ba ya gama zance da baƙo bai sako wannan ba. Abin da ba ya sakowa shi ne akwai wani kos na lissafi da ya riƙe wa Nura wuya. Ya faɗi, ya maimaita, ya sake faɗi, kariyoba suke ce masa. An gaya masa in ya ƙara, gida zai taho. Ana cikin haka malamansu suka tafi yajin aiki, aka sallamo ɗalibai tun cikin bazara. Nura ya dawo da jaka da rama, ba ya barci, ba ya hira.

Shi ma Malam Habibu yajin ne ya koro shi. Ɗan garinmu ne, amma a Kano yake, yana shugabantar wani wajen tutoriyal kusa da jami'a, inda ɗalibai suke zuwa a sake warware musu abin da bai shige su a lakca ba. Har malamai gare shi a ƙarƙashinsa. Da jami'a ta rufe kasuwarsa ta mutu, sai ya ce bari ya zo gida ya taɓa gonar mahaifinsa. Da ya ga 'yan jami'a birjik a garinmu da ƙauyukan kewaye suna zaman banza, ya sa aka share rumfar kwano ta bayan masallacin Juma'a, ya jingina allo, ya ce duk mai kariyoba ya zo da safe.

Ranar da Baba ya kai Nura, babbar rigarsa ta Sallah ya sa. Ni aka ba wa ƙwaryar ƙwan zabi in riƙo. An gaisa, an tambayi mutanen Kano, Malam Habibu ya gyara zama zai faɗi abin da kowane ɗalibi yake bayarwa. Baba ya ɗaga hannu.

"Malam, kada ka faɗa. Ilimi ba akuya ba ne da za a yi cinikinsa a gaban yara. Mu yadda muka taso, gonar malam ake nomewa. Nura zai zauna a gabanka da safe, to ga ƙaninsa Sabi'u, ƙarfi gare shi."

Malam Habibu ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi 'yar dariya, ya ce ai da an bar shi, Alhaji. Baba ya ce ba za a bari ba. Malam ya ce to Allah ya yi albarka. Shi ke nan. Ba wanda ya ce wane aiki, ba wanda ya ce zuwa yaushe, ni kuma ba wanda ya ce min uffan. Ina tsaye da ƙwai a hannu aka ba da ni.

Kafin a yi ruwan shuka labari ya zaga gari, wai Baba ya nuna wa mutane yadda ake girmama malami. Sauran iyaye kunya ta kama su. Duk wanda yake da ɗa ko 'ya a rumfar nan sai ya nemo ƙani ya tura. Haka muka haɗu, tarin ƙanne, kowa da fartanya. A ciki akwai Lawandi, wanda yayarsa take karatun aikin magani, shi ne bakinsa ba ya shiru. Shi ya sa mana suna 'yan digirin ciyawa. In muka wuce majalisar masu shayi da safe sai ka ji an ce, a'a, ga furofesoshi nan za su lakca. Lawandi ya ɗaga musu fartanya ya ce ga bironsa.

Ruwan farko da iska ya zo, ya yaye rufin wasu, ya bar gari yana ƙamshin ƙasa. Muka yi wa Malam shuka kafin mu yi ta gida. Daga nan sama ta ɗauke. Gero ya tsiro ya tsaya yana murɗewa kamar an sa masa wuta, rana ta dinga dukan ƙeya, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo, aka sake fita. Da ya sauko kuwa ya sauko da ƙarfinsa, komai ya tashi lokaci ɗaya, shuka da ciyawa. Lokacin muna zuwa makaranta, don haka Asabar da Lahadi ne nake gonar Malam. Ranakun nan kuwa su ne na gayaunata tun fil azal. Sai na koma satar lokaci. In na taso daga makaranta na yi gandu, kafin magariba in ruga kwari in ɗan sassare abin da na samu. Da haka na yi mata noman farko, guntu-guntu. Ta karɓa kuwa. Ta yi kore shar, ta baje, in na tsaya a kanta sai in ji yunwa ta sake ni.

Abin da ya fara ƙona min rai shi ne da Malam ya ga hannuwa sun yi masa yawa. Gonar mahaifinsa ba wata babba ba ce, da mun gama ta mun huta. Sai kawai muka ji ya karɓi aron wata gona da take kwance a gabas da gari, ta wata tsohuwa da 'ya'yanta suka tafi birni, ciyawar kiri-kiri ta cinye ta shekara da shekaru. Ya sa aka zuba dawa da wake. Lawandi ya ce to, an ƙara mana semesta. Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Da aka ba mu dogon hutu abin ya koma kullum. Da an idar da asuba in sha kunu in tafi gonar Malam, sai azahar. In dawo in yi salla in bi Baba gandu, don shi kaɗai ne a ciki da gwiwarsa mai ciwo, aiki ya taru masa. Kafin mu tashi rana ta faɗi. Juma'a da ake hutawa ita ma Baba ya ce gandu, ai an bar shi a baya.

Kuma lokacin ne rumbu ya kai ƙasa. Wanda ya san tsakiyar damina a ƙauye ya san abin da nake faɗa: gona kore, ciki wayam. Inna ta koma dama kunu tsararo, ba gardi ba komai. Da rana kwaɗon tafasa, wani lokaci da ɗan ƙuli, wani lokaci gishiri da barkono kawai. Da dare tuwon da in ka gutsura sau kaɗan ka ga gindin kwano. Furar da ake samu jefi-jefi ta Nura ce, wai kai mai karatu ba ya son yunwa. Ban ga laifin Inna ba, haka aka gaya mata. Amma ka tuna ni ne nake sunkuye tun safe. Kuma a gonar Malam ba a kawo ko ruwa. In gayya ce, mai gona zai kawo fura. In ƙwadago ne, za a sallame ka da yamma. Gonar malam kuwa addu'a ake ba ka. In ya taso ɗalibansa ya biyo ta gonar da lema a hannu, ya tsaya a kan iyaka don kada takalminsa ya ɓaci, ya ce sannunku samari, Allah ya ba ku ilimi mai amfani. Mu ce amin, cikinmu yana kuka.

Hanyar gonar ta bayan rumfar take bi. In muka wuce sai mu gan su a jere a kan benci, da safa a ƙafa, 'yan matan da hijabi fes, Malam yana zana abubuwa a allo yana Turanci yana juyawa Hausa. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin ya iya koyarwa. Zai ɗauki abu ya farfasa shi ƙanana, ya kira mutum da sunansa ya ce zo ka yi mu gani, in ka kuskure ba ya tsawa, sai ya ce daga ina ka ɓata, mu koma can. Nura da ya dawo kamar mara lafiya sai ga shi yana cin abinci yana murmushi shi kaɗai, yana zana lissafi a ƙasa da tsinke. Na ji daɗin hakan, yayana ne. Amma duk wucewar da zan yi sai na ji a raina cewa bencin da yake zaune a kai bayana ne.

Gyaɗa tana da lokacinta. In ta yi fure ta fara soka 'ya'ya a ƙasa, fartanya ba ta ƙara shigarta, in ka matsa ka tsinke su. Maimai, wato noma na biyu, dole kafin nan ne. Wata yamma na samu na leƙa kwari, na ga furanni rawaya sun fara leƙowa, harkiya da ƙarangiya kuma sun kai min gwiwa, sai ka buɗa da hannu kake ganin gyaɗar a ƙasa ta yi fari-fari tana neman rana. 'Yan safiyoyi kawai nake buƙata, ba wani abu ba.

Na fara da Baba. Ya ce shi da bakinsa ya kai ni, a gaban mutane, yanzu ya koma ya ce me? A ba shi ɗansa? Ya ce in Malam ya sallame ni da kansa, to. Washegari na ajiye fartanya a bakin rumfa, da taɓo har cinya, na yi sallama ana tsakiyar darasi. Duk suka juyo. Malam ya fito da alli a hannu, ya saurare ni har na gama, fuskarsa da tausayi kamar gaske.

"Sabi'u, ni fa ban ce a zo ba. Ni da Babanka ba mu yi ciniki ba, balle in ce an biya ko ba a biya ba. Kyauta ya yi min. In na ce ka tafi, kamar na mayar masa da kyautarsa ne. Ka je ku yi magana a gida."

Ka ji fa. Wanda ya kai ni ba zai iya karɓo ni ba, wanda aka kai wa ba zai iya sako ni ba. Da kuɗi aka yanka, da an san ranar da aka gama. Tunda girmamawa ce, ba ta da ƙarshe. Kuma bai ce ba ya so ba, gonar aro tana jiran maimai.

Nura ya ji kunya, na ba shi wannan. Ya ce zai shigar min gayaunar da yamma. Ya je sau ɗaya. Hannun da ya shekara biyu bai riƙe ƙota ba ya yi bororo ya fashe, washegari ya kasa riƙe biro. Baba ya gani ya yi ta faɗa, wai ina so in kashe wa gida karatu saboda gyaɗa. Aka hana shi komawa, shi kuma bai musa ba.

Sai marka ta kama, irin wannan ta bana. Ruwa ba dare ba rana, yayyafi ya tsaya, mai ƙarfi ya karɓa. Ciyawar da ka sare yau gobe ta sake kama ƙasa. Wata safiya na fito da fartanya, na kai mararraba, ƙafata ta ƙi bin gabas. Na juya na yi kwari. Na shiga gyaɗata ina cira da hannu, don na ga ta fara sokawa, in na ja harkiya sai ta taso da 'yan fararen ƙwayoyi a jikin saiwarta. Ina cira ina zagi, ban san wa nake zagi ba. Ruwa yana shiga min ido, yatsuna sun yi sanyi sun ƙage.

Ban yi nisa ba Lawandi ya zo a guje. Yau ba wasa a bakinsa. Ya ce in taso, Babana yana hanyar gonar Malam da fartanya a kafaɗa.

Baba bai zo ya same ni ba, bai aiko a kira ni ba, bai dake ni ba. Da ya ji ban je ba sai ya ɗauki tasa ya kama hanya, ta tsakiyar gari, ta gaban masu shayi, yana jan ƙafar nan mai ciwo cikin taɓo, buhu a ka saboda ruwa. Na cim masa dab da gonar. Mutane sun tsaya a ƙofar gidajensu suna kallo. Na riƙe ƙotar, ya ƙi saki.

"Ka koma wajen gyaɗarka. Ni na yi alkawari, ni zan cika."

Na ce Baba ka ba ni. Ya ce in ya ba ni, gobe ma zai sake ɗaukowa ne ko kuwa? Na ce ba zai sake ba. Sannan ya saki. Wallahi da dukana ya yi da ya fi min sauƙi, da na san abin da zan yi da duka. Na shiga gonar Malam na sunkuya, ban ɗago ba sai azahar, kuma ban ƙara taka kwari ba sai da kaka.

Gero ya nuna, muka fara gasa tumu, yunwa ta saki gari. Dawar Malam ta yi kyau, wakensa ya yi kyau, mu muka yanke muka ɗaure muka kai masa gida. Da na je cirar gyaɗata sai da na yi ta laluben inda take a cikin ciyawa. In ka ciro gindi ka ga 'ya'ya biyu-uku, sauran kwanso ne fanko, ka matsa ya fashe ba komai. Abin da na tara Inna ta duba ta ce ko mai ba zai yi ba, sai dai a soya wa yara.

Ana nan aka janye yajin aiki. Malam Habibu zai koma Kano, ya zo sallama, bayansa yaro da buhun wake a baro. Ya ce wannan na Sabi'u ne, ya ji labarin gyaɗarsa, a sayar a yi masa abin makaranta. Ina tsaye a bakin zaure. Buhun nan ya isa kuɗin rajistata. Baba ya miƙe tsaye kamar an zage shi. Ya ce subhanallahi, Malam, so kake ka zubar mana da albarkar? Ba a karɓar lada a gonar malam, in aka karɓa ya zama ƙwadago, karatun Nura ya tashi a banza ga jarrabawa a gabansa. Malam ya ce a daure. Baba ya rantse. Malam bai ƙara ba, ya ce wa yaron ya juya da baro. Ina kallon tayar tana tafiya tana ƙara har ta sha kwana. Da Malam ya so, ai ya san hanyar makarantarmu, ya san sunan shugabanta. Bai bi ta nan ba. Ya yi tayi, an ƙi, ya fita kunya, wakensa ya koma sito.

Na koma makaranta na ɗan zauna. Aka fara kiran sunayen waɗanda suka yi rajista, aka sake kira, daga baya aka ce sauran su je gida sai sun kawo. Baba ya ce in yi haƙuri, baɗi sai in sake shuka. Nura ya ci lissafinsa, aka yi sadakar waina. Ni kuma da rani ya shiga na bi wata mota zuwa Watari, na kama aikin ban ruwa a gonar tumatir. Daga can Dawanau, dakon buhu. Daga can babur. Baɗin ta zo ta wuce, abokaina sun fita, ni na riga na saba da kwana inda dare ya same ni, na kasa komawa in zauna a benci da ƙannena. Yanzu yara ba sa zuwa gonar kowa, ta waya ake tura wa mai tutoriyal abinsa, ya turo darasi, kowa ya san inda aka tsaya. Wajen Malam Habibu ya zama bene, har a rediyo ake tallarsa. Nura ma a can yake koyarwa da yamma in ya taso ofis.

Jiya ruwa ya tare wani tsohon abokin Baba a zaurenmu, mai awo ne a Dawanau, ya zo gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Ina gefe ina goge babur. Baba ya kawo zancen Nura kamar kullum, ya ba shi labarin yadda lissafi ya kusa koro shi, da yadda shi bai yarda an yi cinikin ilimi ba, gonar malam ya sa aka nome, ga shi albarkar ta bi yaron har yau. Baƙon ya yi ta gyaɗa kai. Can ya nuna ni da haɓa ya ce wannan fa, shi ina ya tsaya?

Baba ya ce, "Wannan ai bai ɗauki karatu ba. Tun yana yaro ba ya zama wuri ɗaya."

Na ajiye tsumman. Ban ɗaga murya ba, akwai baƙo. Na ce Baba, gyaɗata fa?

Ya juyo ya dube ni. Na duba fuskarsa da kyau ko zan ga kunya, ko fushi, ko wani abu da zan riƙe. Babu. Tsakaninsa da Allah yake tambaya.

"Wace gyaɗa?"